Shekarar da Galadima Ta Yi Ƙwai

Na san abin da ake faɗa muku a kaina idan kun je gidan kakanninku na Illela. Ana cewa uwarku Kulu ce ta ɗauki arzikin gidan ta sa a akwati ta miƙa wa baƙi, shi ya sa tun daga shekarar nan gidan bai sake miƙewa ba. Ba a faɗa a gabana, don an san bakina, amma maganar da aka yi a zaure ba ta kwana sai ta iso ɗaki. Yanzu da gwiwoyina suka ƙi kai ni kasuwa, zama ya ishe ni, bari in ba ku labarin daga bakin wadda ta rufe akwatin da hannunta. Ba gafarar kowa nake nema ba. Da za a mayar da ni shekarar nan, abin da na yi shi zan sake yi. Ina dai so ku san dalili, ku kuma san abin da ya jawo mini.

Kakanku, Baba, ɗan kasuwa ne irin waɗanda ƙafa ɗaya ke Illela ɗaya ke Ƙonni, tsallaken boda cikin Nijar. Albasa da wake yake kaiwa, ya dawo da dabino da atamfa, aljihun dama naira, na hagu sefa. A zamaninsa akwai abin da ake gane gidan attajiri da shi tun daga bakin titi, ba bene ba ne, ba mota ba ce, kukan gauraka ne. Duk wanda kasuwa ta karɓa sai ya ajiye gauraka a tsakar gida, don mutane sun yarda gidan da take kuka arziki ba ya barinsa, maciji da ɓarawo ma ba sa shiga a ɓoye. Jikokina kam ba su taɓa ganin irinta ba, to tsuntsuwa ce doguwa da ta wuce ƙugun mutum, baƙa mai farin fiffike, kumatu ja da fari, da tukku a ka kamar an dasa zaren zinariya. Wani abokin cinikin Baba na Ƙonni ne ya aiko masa da biyu suna ƙanana, an riga an datse wa kowanne ƙashin fiffike ɗaya don kada ya taɓa tashi. Ɗaya bai daɗe ba ya mutu. Wanda ya rayu ya girma yana tafiyar ƙasaita, ba ya kauce wa kowa a hanya, sai Baba ya sa masa suna Galadima.

Baba ya rasu ya bar Inna, ya bar Galadima, ya bar gida da kasuwa a hannun wana, Yaya Sahabi. Ni ina gidan ubanku a Sakkwato har shekarar da nake ba ku labari, da Allah ya karɓi abinsa. Da na fita takaba duk kun kama gabanku, manya na gidajensu, ƙanana na makaranta, sai na tattara na koma ɗakin Inna. Ban taɓa sanin gida na iya yi wa mutum kaɗan ba sai lokacin. In zauna in tashi, in leƙa zaure in dawo, in ɗauki tsintsiya in share inda aka riga aka share. Inna ta ce kamar wadda ta zauna a kan cinnaka. A gidan duka mu biyu ne ba mu da zama, ni da Galadima. Haka yake wuni, daga rijiya zuwa gindin katanga, daga katanga zuwa rijiya, har ya yi wa kansa 'yar hanya a ƙasa. Da asuba ya miƙa wuya sama ya yi kukan nan mai kama da kakaki, ya yi shiru, ya sake. Shekara da shekaru ina jin kukan in na zo ganin gida, ban taɓa lura cewa saurare yake yi tsakanin kuka da kuka ba, sai da ni ma na rasa mai amsa mini. Tausayinsa ya kama ni. Na fara ba shi dawa a tafin hannuna, ina kamo masa fara, har ya saba yana bina kamar ɗan akuya.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Maƙwabcinmu ya ja sabuwar katanga ta toshe kwatar da ruwan bayan gidanmu ke bi, sai ruwa ya kwanta a garka, ciyawa ta tashi har gwiwa, kwaɗi suka tare. Yaya na ta rigima da maƙwabci a kan kwata, Galadima kuwa ya ƙaura garkar gaba ɗaya. Muka ga yana tsinko ciyawa yana tarawa a tsakiyar ruwa, muka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Wata safiya na shiga da dawa, ya miƙe daga kan tarin ciyawar, sai ga ƙwai biyu a ƙarƙashinsa, manya, masu ɗan shuɗi. Na koma na kira Inna. Ta zo tana dogara sanda, ta daɗe tana kallo.

"Kulu, mi nike gani haka?"

"Ƙwai na, Inna. Galadima ya yi ƙwai."

"To, ashe duk shekarun ga mace ta muke ce ma Galadima. Allah shi jiƙan Alhaji, ya tahi bai sani ba."

Ta yi dariya har da hawaye. Yaya ya shigo ya leƙa, ya gyara hula.

"Ko ƙwai yay yi, ko nono yat tatso, Galadima dai shike."

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk macen da ta taɓa kiwon kaji ta san ƙwan da ba zakara ba ya ƙyanƙyashewa, amma ita Galadima ba ta sani ba. Ta kwanta a kan ƙwan nan, ruwa ya dake ta, rana ta dake ta, ba ta tashi. In na kai dawa sai ta ɗan tsattsaga ta koma. Lokacin da ya kamata a ji motsi ya zo ya wuce, ƙwai suka fara wari, ita kuwa ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, tukkun nan ya kwanta gefe. Ni ma na kasa ci. In fita garka in dawo, in sake fita, har Inna ta ce in bar ƙofar ta huta. Yaya ya kawo dabarar da kowane gida ya sani, wato kaza in ta kwanta a banza sai a sa mata ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe ta huce. Ya ce ƙwan talotalo ya fi kusa da girman nata. Aka jira ta tashi shan ruwa, aka kwashe ruɓaɓɓun, aka jera na talotalo. Ta dawo ta tsaya a kansu, ta karkata kai ta duba da wannan ido, ta duba da wancan. Sai ta sa baki ta gangara su cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ta hau sheƙar ba komai a ciki, ta yi ta kuka da tsakar rana, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ranar Lahadi na tafi kara, inda ake cinikin shanu, na nemo likitan dabbobin da ke duba su, wani Malam Nasiru, mutumin Zazzau da aiki ya kawo shi garinmu. Ya zo ya tattaɓa ta, ya buɗe bakinta, ya ja fiffiken da aka datse ya girgiza kai.

"Hajiya, ba ciwo ke damunta ba," in ji shi. "Gauraki su biyu suke kwanci, mace da namiji. In ɗaya ya tashi neman abinci, ɗaya ya zauna. Ita ba ta da mai karɓarta. Tun da ta fara, duk damina za ta sake, kuma ban ce jikinta zai ɗauki wata irin wannan ba."

Sai ya kawo zancen gidan namun daji na wani babban birni can kudu da mu. Ni a sanina gidan namun daji wurin da ake kai yara ranar sallah ne su ga kura da zaki su sha rake, na kuwa faɗa masa haka. Ya ce wannan shi ne gaban gidan. A bayansa akwai fadama da aka kewaye, 'yan kallo ba sa shiga, a nan ake ajiye irin dabbobin da suka kusa ƙarewa a daji don su hayayyafa. Suna da gauraka namiji da aka ƙwace a hannun masu fataucin tsuntsaye, sun daɗe suna neman mace ba su samu ba. In aka samu 'ya'ya ba a datse musu fiffike, ba a sabar da su da hannun mutum, don burin shi ne wata rana a mayar da su fadamun da ake tsaro. Ya ce ba saye suke yi ba, ba kuma sayarwa, sai wanda ya bayar don kansa.

Da na kai wa Yaya maganar, ko zama bai yi ba.

"In miji na matsala, sai in aika Ƙonni a kawo mai. Mi za shi kai tsuntsun Baba gidan kallo, yara na jifanai da gyaɗa?"

Gaskiya da farko na ga maganarsa ta yi, ga miji ga gida, kowa ya huta. Wata zuciyar kuma ta ce mini in kai ta tafkin Kalmalo in sake ta cikin 'yan uwanta. Na kasa tsayar da shawara, na kasa zama, sai na hau babur ɗin ɗan kabu-kabu na tafi Kalmalo in gani da idona. Na zaga bakin tafkin har ƙafata ta yi nauyi da laka. Na ga belbela, na ga agwagin ruwa, na ga masunta na gyaran koma, ban ga tukku ko ɗaya ba. A can na tarar da Baffa Jaɓɓi, wani dattijon Bafulatani da matansa ke kawo mana nono tun zamanin Baba, yana zaune a inuwa shanunsa na shan ruwa. Bayan mun gaisa na tambaye shi inda gauraki suke sauka.

"Dauri, zamanin da, in munka kawo shanu nan da damina, ba ka jin maganar na kusa da kai don kukansu. Biyu-biyu suke rawa bakin ruwa. Yanzu ɗiyanmu ba su san kamarsu ba."

"Ina sunka tahi, Baffa?"

"Gidajenku sunka tahi, Kulu. Masu kamu na bin sheƙa, su kwashe 'yan tsaki su cusa cikin buhu. Duk guda da kig gani tsakar gidan Alhaji, 'yan uwanai da yawa sun mutu bisa hanya kahin shi kai. Taku ko, da fiffike guda, in kin sake ta nan ba ta kwana biyu."

Bai faɗa da zafi ba, yana yi yana korar ƙuda daga ƙafarsa, amma na ji kamar ya watsa mini ruwan sanyi. Na tuna ɗan uwan Galadima da ya mutu a gidanmu yana ƙarami, muka jefar bayan gari ba wanda ya sake zancensa. Mijin da Yaya zai aiko a kawo, daga wata sheƙar za a ciro shi, a wani tafkin da ya rage can cikin Nijar, a datse shi, mu kuma mu ce mun yi wa tsuntsuwarmu gata. 'Ya'yan da za su haifa ma, in sun haifa, gidajen abokan Yaya za a rarraba su.

Na dawo gida kaina na hayaƙi. Bayan la'asar muka haɗu a ɗakin Inna, na zazzage wa Yaya duk abin da na ji, da abin da ba a tambaye ni ba. Kada ku ɗauka kawunku mugu ne. Mutum ne da bakuna da yawa ke ci a hannunsa, ya gaji kasuwar da ta fi ƙarfinsa, kullum cikin tsoron kada ta zube a zamaninsa a ce shi ya kasa. Ya ce Baba a gadon mutuwa ya ce a kula masa da Galadima. Na ce kulawar ke nan, a zuba ido ta mutu a kan sheƙa ba komai? Ya ce ni baƙuwa ce a gidan, jiya na dawo yau ina raba gado. Wannan ta yi mini ciwo, na mayar masa da wadda ta fi ta, ba zan maimaita ta a nan ba. Inna na jan carbi har muka gaji.

"Sahabi," ta ce, "tun da ubanku yar rasu, kukan tsuntsuwar ga ka tashe ni sallar asuba. In na ji shi, sai in ji kamar Alhaji na nan zaure shina alwala. Ba wanda za shi rasa ta kamar ni. Amma na ga abin da tay yi bisa ƙwan ga. Ni na haihu, na goya, na ga jikoki. A kai ta."

Yaya ya miƙe ya sa takalmi.

"To, Inna. Amma abin da duk yab biyo baya, Kulu taj ja shi."

Malam Nasiru ya yi magana da mutanen gidan namun dajin, suka zo da mota da dogon akwati mai ƙofofin iska. Ranar Yaya ya tsallaka Ƙonni tun da safe don kada ya gani. Galadima ta ƙi yarda kowa ya matso, sai ni. Na kira ta da dawa a hannu, ta zo kamar kullum, na yafa mata mayafina a ka, na rungume ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, zuciyarta na bugawa a damtsena. Ni na sa ta a akwatin, ni na ja ƙofar, maƙwabta na tsaye a bakin zaure suna kallo. Washegari na farka na ji gidan shiru, na duba na ga gari ya waye tangaran, Inna na kwance tana barci. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta riga Inna tashi ba. Ta farka ta dubi taga, ta ɗauki buta ta fita, ba ta ce mini komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a gama girbi ba aka rufe boda. Motocin albasar Yaya suka tsaya a layi har kayan suka ruɓe, abokan cinikinsa na Ƙonni suka zama kamar suna wata duniya. Illela duka ta ji a jikinta, da masu gauraka da waɗanda ko kaza ba su da ita, amma mutane ba sa son masifar da ba ta da uwa, sai aka samo mata ni. Kafin wata daminar Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. A zaman makoki wata ta faɗa, yadda zan ji, cewa kewa ce ta kashe tsohuwa. Har yau ba zan iya rantsuwa cewa ƙarya ta yi ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yaya ya daina yi mini magana, in na gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Na kwashe 'yan kayana na kama ɗaki a unguwar Araba, ina suyar awara a bakin hanya. Duk Lahadi sai na je kara na tare Malam Nasiru, har ya fara hango ni yana sosa ƙeya. Daminar farko ya ce ta murmure tana ci, amma ita da namijin kowa na gefensa, ko kallon juna ba sa yi. Na koma Araba ina tambayar kaina ko na raba Inna da asubarta, na rasa ɗan uwana, duk a banza. Ban yi nadama ba, amma barci da zama duka sun ƙaurace mini.

Sai a daminar da ta biyo ya tare ni da kansa, ya ce in shirya in je. Na yi doguwar tafiyar da ban taɓa yi ni kaɗai ba, da 'yar dawa ƙulle a bakin mayafi. Wani ma'aikacin gidan ya wuce da ni ta gaban kejin zaki da hayaniyar yara, muka bi wata siririyar hanya har bayan wani shingen zana mai 'yar kafa, ya ce in leƙa. Fadama ce sosai, da ruwa da dogayen ciyayi. Gauraki biyu na tafe a hankali, na gane tawa da gajeren fiffikenta. Ta yi ƙiba, tukkun ya miƙe. A bayansu wasu 'yan abubuwa biyu jajaye-jajaye na tuntuɓe cikin ciyawa suna bin ƙafafunsu. Na roƙi mutumin ya bar ni in matsa bakin waya sau ɗaya, ya ce to, amma kada in daɗe. Na kwance dawar na zuba a tafin hannu, na kira ta yadda na saba.

Ta ɗaga kai ta dube ni. Sai ta buɗe fiffikenta ɗaya da rabi, ta shiga tsakanina da 'ya'yan, ta taso wa wayar da gudu tana huci, baki a buɗe. Tsuntsuwar da ta ci a hannuna, wadda na rasa uwa da ɗan uwa a kanta, ta kore ni kamar ta ga muzuru. Na ja baya na zauna a ƙasa bayan zanar, dawa ta watse, na yi kukan da ban yi ba ko a makokin Inna. Daɗi ne da baƙin ciki suka haɗu mini, ban san wanda ya fi yawa ba.

Da na sauka a tashar Illela ban wuce Araba ba, ƙafata ta kai ni ƙofar gidanmu. Yaya na zaune a zaure kan buzu. Ya tsufa, kasuwar ta koma ɗan shago guda. Labarin inda na je ya riga ni isowa. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗaga kai kamar kullum, na yunƙura zan tafi.

"Ta gane ki?"

Na daɗe ban ji ya yi mini magana ba.

"Ta kore ni, Yaya. Ɗiya biyu gare ta. Ta taso mani kamar ta cire mani ido."

"Ɗiyan, an datse su?"

"Ba a taɓa su ba. Za su tashi."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin buzu, har na ɗauka ya gama.

"To, Baba ya yi jikoki ta wannan gehen ma. Shiga ciki, an kwashe tuwo."

Kasuwar ba ta dawo yadda take ba, Inna kuma ba ta ji wannan labari ba. Na shiga tsakar gida na tsaya a bakin rijiya ina neman 'yar hanyar nan da Galadima ta yi zuwa gindin katanga. Ciyawa ta rufe ta, sai da na sunkuya na ga alamarta.